Faifan Kifi a Kan Idon Rana

A wani ƙaramin tsibiri na Indonesiya, wutar gari duk daga rana take zuwa. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a can. Mahaifinta, Pak Darwis, shi ke hasashen hasken rana.

A kan rufin ofishinsa akwai wata na'ura mai kan gilashi kamar ƙwai, suna kiranta idon rana. Ita ke auna haske. Da awonta kwamfuta ke hasashen wutar da za a samu, ta raba wa asibiti da gidan ƙanƙara.

Ran Asabar aka ba yarinyar ƙananan kifi a faifai ta shanya. Kyanwoyin tsibirin kuwa ba su san kunya ba. Sai ta hau rufin ofishin, ta ɗora faifan a kan na'urar, ta tafi wasa abinta.

Kwamfuta ta ga haske ya ɗauke, ta zaci hadari ne. Nan take ta yanke wutar gidan ƙanƙara, don ta tanadar wa asibiti.

Ana cin abincin rana sai ga Bu Sarinah, mai gidan ƙanƙara, tana haki.

"Pak Darwis, injinka ya ce hadari! Wane hadari? Dubi sama tas! Ƙanƙarata na narkewa, ga kifin gidaje ashirin a ciki!"

"Yi haƙuri, Bu. Ƙila na'urar ce ta lalace. Mai gyara kuma sai jibi jirginsa zai zo."

Jibi! Yarinyar ta tuna da faifanta. Ba wanda ya ganta a kan rufin, amma ta ajiye cokalinta.

"Bapak," ta ce wa mahaifinta a hankali, "idon rana yana gani ta cikin faifai?"

"Wane faifai?"

Ta faɗi gaskiya tana hawaye. Suka ruga ofis, ta sauke faifan. Ba a jima ba wuta ta dawo. Kwando ɗaya ne ya lalace, sauran kifin duk suka tsira.

Ta durƙusa ta ba Bu Sarinah haƙuri.

"Tashi, sarauniyar hadari," in ji Bu Sarinah tana dariya. "Da kin yi shiru, da garin nan ya kwana cikin wari."

Pak Darwis ya miƙa mata tsumma. "Daga gobe ke za ki riƙa goge idon rana kafin makaranta. Abin da ba ki san aikinsa ba, ki tambaya kafin ki taɓa. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri."

Har yau ba a sake yin hadarin faifai a tsibirin ba.