Ƙanƙara da Gawayi

Ranar Litinin da safe, washegarin bikin shekara na garin Santa Brigida, Sufeto Eladio Bangcaya ya shigo caji ofis muryarsa a dishe. Saja Minda Paderes ta riga shi isowa. Ta ajiye masa fayil a kan tebur.

"Mura ce, yallaɓai?"

"Iskar teku ce," in ji shi.

Ya buɗe fayil ɗin, duk da ya san abin da ke ciki. Jiya da la'asar an kawo wa garin wasan ƙwallon kwando na ƙwararru, tsakanin ƙungiyar lardinsu da wata daga Manila. Tauraron baƙin shi ne Lemuel Sabordo, haifaffen garin nan, ɗan wata mai wanki da guga da wani sojan ruwan Amurka baƙar fata da ya koma ƙasarsu kafin a haife shi. Saura minti huɗu a tashi, yana tsaye a layi zai yi jifan da alƙalin wasa ya ba shi, wani abu ya taho daga benayen 'yan kallo ya same shi a idon hagu.

"Likita ya ce sai jibi za a san ko idon zai tsira," in ji Minda. "Magajin gari kuma ya bugo sau biyu. Ya ce tsautsayi ne, kada mu ɓata wa gari suna."

"Da me aka jefe shi?"

"Nan gizon yake... wato nan matsalar take. Ba dutse, ba kwalba, ba kwabo. Mutum dubu biyu a zaure, kowa ya ce yana ɗaure igiyar takalminsa. Kai ma an ce kana ciki, yallaɓai."

"Ina ciki. Ban ga komai ba."

Gaskiya ya faɗa, sai dai ba duka ba.

Sun tarar da Mang Doroy, tsohon da ke share zauren wasan, yana shanya tsummoki a kan waya.

"Ruwa kawai na gani, yallaɓai. Gumi ne ma, ina jin. Waɗannan dogayen akwai gumi."

"Wa ya ce ka goge kafin 'yan sanda su duba?"

"Ba wanda ya ce. Shekara ashirin da biyu ina goge daɓen nan, ban taɓa jiran izini ba."

Eladio ya je ya durƙusa a kan layin da Lemuel ya faɗi. Ya sa tsinken sakace a tsagin katako, ya tono wasu 'yan ɓawon abu masu ruwan ƙasa. Ya zuba a tafin hannu.

"Mang Doroy, a nan ake sussukar shinkafa?"

Tsohon ya dubi ƙaiƙayin, ya dubi ƙofa.

"To, akwai ƙanƙara," ya ce a hankali. "Ta farfashe. Babban gutsuren ya kai dunƙulen hannuna. Wani daga ofishin magajin gari ya ce in share, na share. Amma ban ga hannun da ya jefa ba, na rantse da kabarin matata."

A bakin ƙofar zauren, Aling Sabel mai sayar da ruwan sanyi a leda ta fara kare kanta tun kafin a tambaye ta.

"Ba tawa ba ce. Tawa kafin a tafi hutun rabin lokaci ta zama ruwan wanka. Kuma ni a firiji nake daskarar da ita, ina ni ina ƙaiƙayi?"

"Wa ke binne ƙanƙara a ƙaiƙayi?"

Ta yi masa wani kallo daga sama zuwa ƙasa.

"Haba, Eladio. Tun kana yawo ba wando na san ka. Rumbun ƙanƙara nawa ne a bakin kwatar masuntan nan?"

Ɗaya ne. Na Santoy Dalumpines ne, uban baftismar 'yar Eladio ta fari, mutumin da suke kiran juna Pare, wato amini, shekara tara ke nan, wanda jiya suka zauna kafaɗa da kafaɗa a wurin wasan.

"Masunta ɗari suna sayen ƙanƙara a can," ya ce wa Minda da suka koma mota. "Ko waye zai iya zama."

"Haka ne, yallaɓai," ta ce. Ba ta tayar da motar ba. Ta ciro wayarta. "Wata nas ce ta turo mini. Daga benen da ke fuskantar naku ta ɗauka. Gara ka gani kafin kowa."

Bidiyon na minti ɗaya da rabi ne. Zauren gaba ɗaya yana buga ƙafa, yana rera kalma ɗaya: Gawayi! Gawayi! Wasu suna kukan biri suna susar hammata. A sahu na shida wani mutum sanye da rigar ƙungiyar lardi ya hau kan benci, kofi a hannu guda, ɗaya hannun yana kaɗa wa jama'a kamar mai jagorar mawaƙan coci. Jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Eladio ya daɗe kafin ya yarda cewa fuskarsa ce.

"Dubi gefenka na dama," in ji Minda.

Wurin Santoy ba kowa. Can sama, kusa da bango, wani mai jar hula ya sunkuya a kan kular ƙanƙara. Ya miƙe, hannunsa ya yi baya, sai hoton ya girgiza, ihu ya tashi.

"Fuskar ba ta fito ba," ta ce. "Hular dai ta fito. Zan iya yanke farkon, a bar daƙiƙa goman ƙarshe. Ba wanda zai tambaya."

Eladio ya mayar mata da wayar. Ya ce ta kai shi asibiti.

Gadon ya yi wa Lemuel kaɗan, an jona masa benci don ƙafafunsa. Rabin fuskarsa a naɗe da bandeji. Mahaifiyarsa, Aling Perpetua, tana zaune tana ɓare masa lemo da wuƙa. Ba ta ɗago ba.

"Ni ne Sufeto Bangcaya. Na zo ne..."

"Ladio," in ji Lemuel. "Aji uku, bencin baya. Kai ne mai satar alli."

Eladio ya ciro littafinsa don ya sami wurin ajiye idanunsa.

"Ka ga wanda ya jefe ka?"

"Kwandon nake kallo. Aikina ke nan."

"Kana da abokin gaba a garin nan?"

Lemuel ya yi dariya, ciwo ya katse ta.

"Jiya da safe mutum hamsin suka zo masaukinmu, kowa yana cewa shi ya koya mini riƙe ƙwallo. Na sa hannu a riguna har yatsuna suka sage. Da la'asar su ne dai. Ka san abin dariyar? A Manila ba wanda ya san sunan nan. Suna da nasu zagin. Shekara goma sha bakwai ban ji shi ba, sai da na dawo gida."

Aling Perpetua ta ajiye wuƙar.

"Ni na roƙe shi ya zo," ta ce. "Ya ce ba zai buga a nan ba. Na ce gari ya canza, yanzu har hotonsa suke liƙawa a keken haya." Sai a lokacin ta dubi Eladio. "Ranar da ka raɗa masa sunan nan, ya dawo gida ya ɗauki dutsen wankina ya dinga dirzar hannunsa har jini ya fito. Yana ɗan shekara takwas. Uwarka na yi wa wanki a ranar. Kayan makarantarka ne a cikin bahon."

Eladio ya tuna ranar. Ya tuna wani ɗan guntun gawayi da ya tsinta a bayan kicin ɗin makaranta, ya ɗora a kan teburin Lemuel ya ce ga ƙaninka ya zo gaishe ka. Ya tuna daɗin da ya ji da ajin ya fashe da dariya. Bai taɓa lissafa wannan cikin zunubansa ba. Ko a gaban fada a coci, wurin furta zunubai, bai taɓa ambatonsa ba, don bai ɗauka ya kai a ambata ba.

"Na ji muryarka jiya," in ji Lemuel. "Ba ta canza ba. Je ka yi aikinka, Sufeto."

A hanyar kwata ne abin da yake ta turewa tun jiya ya dawo masa gaba ɗaya. Giyarsa ta yi zafi, shi kuwa ba ya shanta sai da ƙanƙara a kofi, kamar kowa. Shi ya taɓa Santoy da gwiwar hannu ya ce, "Pare, ƙanƙara." Santoy ya hau sama wurin kularsu. Bayan ihun ya dawo ya zauna, ya dafa masa wuya da hannu jiƙaƙƙe mai sanyi kamar na gawa. Kofin kuwa bai sami ko ƙwaya ba.

Sun sami Santoy a rumbunsa yana yanka ƙanƙara da zarto, ƙafafunsa nutse cikin ƙaiƙayin da ke hana ta narkewa. Jar hular tana rataye a ƙusa.

"Pare! Ka zo da baƙuwa? Saja, zauna, ga kifi ana gasawa."

"Ina kake lokacin da aka jefi Lemuel?"

"Kai ma ka sani. Kusa da kai."

"Na aike ka."

"To, na tashi. Bayan gida na je. Mutum ba zai yi fitsari ba a garin nan sai da takardar 'yan sanda?"

"Bayan gidan yana ƙasa. Kular tana sama."

"Sai na biya ta can."

"Ina ƙanƙarar da na aike ka?"

Santoy ya dubi zarton da ke hannunsa.

"Ta ƙare," ya ce.

"Ni na ɗauko kular zuwa mota bayan wasa, Pare. Rabinta cike take."

Ruwa yana ɗiga daga bakin zarton. Santoy ya jingina shi da bango, ya zauna a kan wani buhu. Ya goge hannuwansa a wando, ya sake gogewa.

"Ban yi niyyar idonsa ba," ya ce. "Ban yi niyyar komai ba. Na ɗauko ta don in fasa maka. Sai na juyo na ga zauren nan duka yana rawa, kai kana kan benci, shi kuma yana tsaye can ko a jikinsa. Ko waiwayowa bai yi ba. Ɗan mai wanki, ya zo ya ci mu a gidanmu, kuma bai ga mun isa ya kalle mu ba. So nake kawai ya waiwayo."

"Ya waiwayo?"

Santoy ya rufe fuska da tafukansa.

"Ina da rigarsa a gida," ya ce ta tsakanin yatsu. "Lamba sha ɗaya. Jiya da safe ya sa mini hannu."

Minda ta ciro ankwa, ta tsaya tana duban Eladio. Ya miƙa hannu ya karɓa. Ya ga bai kamata wani ya yi wannan a madadinsa ba. Ya kira Santoy da cikakken sunansa.

"Crisanto Dalumpines, na kama ka bisa laifin raunata Lemuel Sabordo."

Santoy ya miƙo hannuwan ba gardama. Har yanzu da sanyinsu. Sai da ƙarfen ya rufe sannan ya ɗago kai.

"Ni na jefa, na yarda. Amma wa ya ɗauko waƙar, Pare? Ni ban ma tuna da sunan ba sai da na ji shi a bakinka. Kai wa zai sa maka wannan?"

Eladio ya binciki duk dokokin da ya haddace tun daga makarantar horon 'yan sanda. Babu ɗaya da ta ambaci abin da ya yi.

"Ba kowa," ya ce.

Suka fito da shi ta tsakiyar kwata. Masunta suka daina jan koma, mata masu tallan kifi suka yi tsit. Yawancinsu suna zauren jiya. Babu wanda ya yi wa Santoy ihu, babu wanda ya tambayi laifinsa. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

A ofis, bayan an rufe Santoy, Minda ta zauna gaban na'ura ta jona wayarta.

"Daga ina zan yanke, yallaɓai?"

"Kada ki yanke. Ki tura wa mai gabatar da ƙara yadda yake."

"Zai kai ga hedikwata. Zai kai ga 'yan jarida. 'Yarka ma za ta gani."

"Za ta gani."

Ta ɗan jira ko zai sauya magana. Da bai sauya ba, ta jawo takardar shaidu.

"Shaida na farko, Mang Doroy?"

"A'a. Rubuta Eladio Bangcaya."

Ta rubuta.

"Me shaida ya gani?"

Ya ja kujera ya zauna a gabanta, a gefen teburin da bai taɓa zama ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wannan daga baya," ya ce da dasasshiyar muryarsa. "Fara da abin da ya faɗa. Sa kwanan wata, aji uku."