Wankan Jegon Da Ya Ƙi Ƙarewa

"Dada, yarinyar nan fa har gudu take yi! Wane irin wankan jego ne wannan?"

Yusrah ta dire bokiti, ranta a ɓace. Mahaifiyarta ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Jikinki bai yi ƙwari ba."

Kullum amsar ke nan. A duk Wuro Hausa babu mai jegon da ta wuce arba'in a gidansu sai Yusrah. An yaye Jannat, amma Dada ta ƙi mayar da uwar ɗakin mijinta a Jimeta.

Shi kuwa Suhaib, bawan Allah, kunyar suruka ta cinye shi. Sai ya zo ya tsuguna a zaure, ya gaida labule, ya tafi. Yau da Yusrah ta leƙa, har da murmushi ya yi mata.

"Hasken idona..."

"Riƙe haskenka! Ka buɗe baki ka ce a ba ka matarka!"

"Ni? Na faɗa wa Dada?"

Takaici ya ishe ta. Son sa take kamar ranta, amma a lokacin, da ta samu muciya da ta buga masa.

Ba ta manta abin da ya faru ba. Ranar haihuwar Jannat ruwan da jariri ke kwance a ciki ya shiga jininta. Numfashi ya ɗauke, jini ya ɓalle, da ƙyar aka ceto ta. Tun ranar Dada ta yanke hukunci: babu komawa, balle wani cikin.

Washegarin zuwan Suhaib, Yusrah ta tasa su gaba zuwa asibiti, Dada a bayan mota, Suhaib na tuƙi kamar an ɗaure masa wuya.

"Laifin allurar naƙuda ne!" Dada ta faɗa wa Dakta Naziha tun kafin ta zauna.

"Ana zarginta, Dada, ana zargin tiyata da yawan shekaru. Amma ciwon yana samun wadda ba ta da ko ɗaya. Gaskiya ba a san takamaiman dalili ba."

"Zai dawo?"

"Waɗanda aka sani sun sake haihuwa bayansa ba su da yawa, amma sun sauka lafiya. Rantsuwa ce ba zan yi ba. In ta samu ciki, a babban asibiti za ta haihu, da jini a ajiye."

"Kin ji ko? Ba za ta rantse ba!"

"Haba Dada! Wa ya taɓa rantse miki a kan gobe?" in ji Yusrah.

Sai tsohuwar ta juyo ta dubi 'yarta.

"Da 'ya'ya huɗu na fito daga Mubi ranar gudun hijira. Ke kaɗai na iso Yola da ke."

Fushin Yusrah ya mutu nan take. Sai ga Suhaib ya zube a gaban Dada, karon farko ya ɗaga ido ya dube ta.

"Dada, ni ma a bakin ƙofar ɗakin haihuwa na tsaya ranar. Ko ba za ta ƙara haihuwa ba, ina son matata. Akwai ɗaki a gidanmu... ki zo ki tsare ta da kanki."

"Ni? Gidan suruki? Allah ya kiyaye!"

Ta share ido da bakin mayafi.

"Daga ɗakin... ana jin motsinta?"