Lemar Ɗan Bushiya

A gidan wani tela akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ake kira Uwar Sauri. A guje take cin abinci, a guje take wanka, har gaisuwa ma a guje take yin ta. Tana da ƙane ɗan shekara huɗu, Auta. Shi kuwa sai ya yi hira da lomarsa kafin ya kai ta baki.

Wata rana ta aro littafi daga ɗakin karatun makarantarsu. Littafi ne mai manyan hotuna. A bangonsa akwai ɗan bushiya mai ƙananan idanu.

"Yaya, karanta min!" in ji Auta, tun ba ta cire takalmi ba.

Suka zauna a tabarma kusa da keken ɗinkin Baba. Ta fara karantawa. Ɗan Bushiya ya bi malam-buɗe-littafi har ya yi nisa da gida. Hadari ya haɗo. Ya roƙi Zomo ya goya shi, Zomo ya ce ƙayarsa za ta soke shi. Ya roƙi Akuya, ita ma haka ta ce.

Auta bai iya karatu ba tukuna, amma ya iya tambaya.

"Yaya, me ya sa kunnen Zomo ya lanƙwashe?"

"Oho."

"Tsaya in ƙirga ƙayoyin."

Sai ga muryar ƙawayenta daga ƙofar gida. Sun zo da igiyar tsalle. Uwar Sauri ta leƙa littafin, ta ga saura shafi uku. A hoton da suke kai, Ɗan Bushiya yana zaune shi kaɗai, ruwa yana dukansa. Ta rufe littafin fat!

"Shi ke nan, ya ƙare."

"To ina mamarsa?"

"Bai gan ta ba. Yana nan cikin ruwa har yau."

Ta fice da gudu, ko waiwaye babu.

A ranar nan, Auta bai ci abincin kirki ba. Mama ta taɓa goshinsa, ba zazzaɓi. Ya dai rungume littafin, ya raɓe a bayan ƙofa.

Washegari da safe Uwar Sauri ta ɗauki littafin za ta sa a jaka. Sai wani ƙyalle ya faɗo daga ciki. Ta buɗe, ta zaro ido. An zana wata karkatacciyar lema da biro a saman kan Ɗan Bushiya.

"Mama! Auta ya ɓata littafin makaranta!"

Mama ta fito tana goge hannu. Baba ya tsayar da keke.

"Auta, kai ka yi wannan?" in ji Mama.

Auta ya nuna Ɗan Bushiya da yatsa. "Sanyi yake ji, Mama. Na yi masa lema, na lulluɓe shi da ƙyallen Baba. Ba shi da kowa."

"Wa ya ce ba shi da kowa?"

"Yaya. Ai ita ta iya karatu."

Mama ta juya shafi, ta sake juya wani. Sannan ta ɗago ta dubi 'yarta. Uwar Sauri ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta.

"Wasa nake so in je," ta ce a hankali.

"'Yata, yaron nan da idonki yake karatu," in ji Mama. "Duk abin da kika ce an rubuta, shi ne gaskiya a wurinsa. Kin bar shi cikin ruwa tun jiya."

Baba ya yi murmushi. "Sauri ya haifi nawa ke nan. Zauna ki ƙarasa masa, akwai sauran lokaci."

Ta zauna ta karanta. Ashe Kunkuru ne ya zo wucewa. Ya ce shi bayansa ba ya jin ƙaya. Ya goya Ɗan Bushiya har gida, mamarsa ta rungume shi.

Auta ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya ɗauki littafin ya kai wa Baba.

"Baba, da gaske haka aka rubuta?"

Wannan tambayar ta fi bulala yi wa Uwar Sauri zafi. Da can duk abin da ta faɗa, Auta ba ya tambayar kowa. Hawaye suka cika mata ido.

A makaranta ta kai littafin wurin Malama.

"Malama, ƙanena ne ya zana, amma laifina ne." Ta ba ta labarin duka.

Malama ta dubi lemar, dariya ta kusa ƙwace mata. "Biro dai ba ya goguwa," ta ce. "Hukuncinki shi ne, duk ranar Alhamis za ki karanta wa 'yan aji ɗaya littafi. Har shafin ƙarshe."

"To, Malama."

A gida ma ta sauya. Kullum da yamma sai ta riƙe yatsan Auta, ta bi kalmomi da shi ɗaya bayan ɗaya. In ya ce zai ƙirga ƙafafun Akuya, sai ta jira ya ƙirga. Ta gane cewa wanda ya yarda da kai amana ya ba ka, ba a yi masa ƙarya ko da ƙarama ce.

Bayan makonni, suka gama wani littafi na ɗan giwa. Ta miƙa masa.

"Kai wa Baba ya duba maka."

Auta ya girgiza kai, ya kwantar da kansa a cinyarta.

"A'a. Yaya ta faɗa. Sake karanta min."