Haƙarƙarin Kwana Ashirin da Takwas

"Fitar min da wannan mushen daga kicin."

Abin da Gwaggo ta fara faɗa ke nan da na buɗe takardar da aka naɗo naman a ciki. Ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi, Auta 'yarta kuwa ta jingina da firji tana danne dariya.

Na kalli haƙarƙarin saniyar a kan tire. Ƙashi huɗu ne reras, an ɗaure su da zare, kitse ya lulluɓe bayansu. Naman ya fi wanda muka saba gani duhu, kan ƙasusuwan ya bushe. Wallahi ba wari yake ba, ƙamshinsa ma kamar na soyayyar gyaɗa. Amma Gwaggo, yayar Babana da ta riƙe ni tun rasuwar Ummata, idan ta ce abu yana wari, hancin kowa a gidan sai ya bi bayanta.

"Gwaggo, haka ake yin sa... rataye shi ake yi a ɗakin sanyi ya ɗan kwana biyu."

"Kwana nawa?"

"Ashirin da takwas."

Ta saki salati ta tafa hannu.

"Da wannan za ki tarbi mutumin da zai zo gaida ubanki? Wane azzalumin mahauci ne ya sayar miki?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ba doguwar magana ba ce, cewa kawai zan yi mahaucin shi ne baƙon da muke jira. Sai na sunkuyar da kai na ce wani ne can bakin kasuwa, ban ma san shi ba.

Auta ta dube ni ta yi murmushi. Ita ta sani.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na fara shiga shagonsa, a kan hanyata ta dawowa daga makarantar da nake koyarwa. Shago ne mai farin tayil da kantar gilashi, ko ƙuda ba ya gilmawa. Kowa Dogo yake ce masa, don sai ya rusuna yake shiga ɗakin sanyinsa. Ranar farko na nuna haƙarƙari na ce ya daddatsa min na miya, mutumin nan ya ƙi. Wai wannan ba na miya ba ne, zunubi zan sa shi. Na fita ina masifa. Washegari na koma in ƙarasa masifar, ban san yadda aka yi ba na fito ina dariya, da lambar wayarsa a bayan takardar nama.

Malamata yake ce min. Yakan kira ni lokacin hutun tara na makaranta ya tambayi ko yara sun ba ni ciwon kai, ya kuma tambayi ko na ci abinci, in na ce eh sai ya ce in lissafo masa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so mutumin nan ba.

Amma a gida ban taɓa furta sana'arsa ba. 'Ya'yan Gwaggo manya duk masu ofis suke aure, kuma kullum sai ta tuna min cewa mai digiri ba ta yin ƙasa. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana aikin duba nama a mayanka kafin ya yi ritaya, mun tashi muna jin labarin mahautan da ya kama da naman dabba mai ciwo. Da aka tambaye ni me yaron yake yi, sai na ce harkar kayan abinci. Da Dogo ya tambaye ni ko na gaya musu komai, na ce na gaya musu. Auta kaɗai ta san gaskiyar, don ta riga ni zuwa shagon, ta yi wata biyu tana cin kwalliya tana sayen hantar da ba ta ci, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba.

Ranar da Baba ya sa masa lokacin zuwa, Dogo ya shigar da ni ɗakin sanyi ya nuna min haƙarƙarin a rataye, da 'yar takarda mai kwanan wata a jikinsa.

"Ba ni da takardar makaranta da zan nuna wa Baba, Malamata. Wannan nake da shi. Wanda ya yi shekara talatin yana duba nama, loma ɗaya zai kai baki ya san ko ni wane ne."

Kwana ashirin da takwas yana lelen naman nan. Kullum sai ya duba sanyin ɗakin safe da yamma, ya juya shi, ya aiko min da hotonsa kamar jariri. Da safiyar ranar na je ɗauka, ya sa na bi layi kamar kowa, wai saya zan yi, kada a ce ya ba mai duba nama cin hanci. Ya fere busasshen gefen da wuƙa a hankali, ya ɗaure shi, sannan ya karanto min dokokinsa yana lanƙwasa yatsu. Kada ruwa ya taɓa shi. Gishiri da masoro da tafarnuwa kawai. In tsayar da shi a kan ƙasusuwansa, kitse a sama, in ba shi wuta mai ƙarfi minti ashirin, sannan in rage. Ya ba ni ma'aunin zafinsa mai tsinke, ya yi min alama da jan biro inda zan sauke. In ya fito daga obin in rufe shi ya huta rabin awa, ko wa ya ce yunwa yake ji.

"Cikinsa zai yi ja-ja, kada ki tsorata. Ba jini ba ne, daɗin ke nan."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Malamata... yau fa ni da ke ne."

Ga shi yanzu ina tsaye a gaban Gwaggo, na ce ban san shi ba.

Tun da lokaci ya ƙure, Gwaggo ta yanke hukunci za a ceci abin da za a iya ceta. Ta sa na wanke shi da lemon tsami har sau uku. Ta sa na ɗora babbar tukunya na tsunduma shi ciki. Ba wanda ya riƙe min hannu, ni na yi da kaina. Ina tsaye kitsen da ya yi wata guda yana tattali ya narke ya taso saman ruwa, Gwaggo ta ce a zubar da romon a kwata, cuta ce. Bayan awa guda aka tsamo shi, na sa a obin ta ce a ƙure wuta har sai ya ƙame. Ma'aunin zafin yana aljihun zanina, yana soka min cinya duk lokacin da na durƙusa.

Na yi kuka, na ce albasa ce. Ba a yanka albasa ba a kicin ɗin ranar.

Bayan azahar ya iso. Sababbin kaya ya sa, farce a yanke, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo. Ita kuwa sai washe baki take, ta ga dogo mai kyan shiga, har tana tambayarsa ya kasuwa. Muka zauna a tebur. Na shigo da tiren, na ajiye a tsakiya.

Ya dubi naman.

Ya dube ni.

Murmushinsa ya sauka daga fuskarsa a hankali.

"Kawu, a ba baƙo wuƙa mana," in ji Auta, murya kamar zuma. "Na ji an ce hannunsa ya faɗa da ita."

Baba ya miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya tashi tsaye, ya bi jikin ƙashi da bakin wuƙar ya raba shi da tsoka a ja ɗaya. Da ya fara yanka, naman ya riƙa warwarewa zare-zare kamar tsohuwar igiya. Fari fat har tsakiya, ko ɗigon ruwa babu.

Sai Gwaggo ta gyara zama ta fara ba da labari, don a san ƙoƙarin da ta yi. Ta ce a yi haƙuri da abincin, wani mugun mahauci ne ya cuci yarinya ya liƙa mata ruɓaɓɓen nama na wata guda. Ta ce mutanen nan ba tsoron Allah a ransu, ƙazanta kuwa gado suka yi. Ta ce ba don ta tsaya an tafasa ba da yau asibiti za mu kwana.

"Na tambaye ta wane ne, ta ce ba ta ma san shi ba. Ko ba haka kika ce ba?"

Wuƙar ta tsaya. Na ji idonsa a kaina, yana jira. Ni kuwa na kama jera cokula a gefen faranti, na jera na sake jerawa.

"Haka na ce," na faɗa, da ƙyar aka ji.

Ya ci gaba da yanka. Ya zuba wa Baba, ya zuba wa Gwaggo, ya zuba wa Auta, ya zuba min.

Baba bai kalli farantinsa ba, hannun Dogo yake kallo tun ɗazu.

"Yaro, a ina ka koyi riƙon wuƙa?"

"Wurin mahaifina, Baba. Ni ne mahaucin."

Cokalin Gwaggo ya faɗi ƙasa. Ni dai na runtse ido ina jiran tsawar da na yi shekara guda ina gudu. Sai na ji Baba yana tambaya cikin natsuwa, kwana nawa ya rataye shi, sanyi nawa ya ba ɗakin, iska ta ina take shiga. Dogo yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ɗauki ƙashi guda ya juya, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce a duk shekarunsa na aiki sau biyu kacal ya ga wanda ya iya wannan, don ƙazami ko mai gaggawa ba zai kai nama kwana goma ba tare da ya lalace ba. Ya ce ya daɗe yana son ya ɗanɗana.

Sannan ya juyo gare ni.

"Ke kika dafa shi a ruwa?"

Na gyaɗa kai.

Gwaggo ta buɗe baki za ta fara, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi ba shi da ja a kan mai sana'a irin wannan, Dogo ya turo manyansa duk ranar da suka shirya. Maganar da na yi ta roƙon Allah in ji ke nan, ga ta ta zo a sauƙaƙe, amma jikina sai ƙara sanyi yake.

Dogo ya yi godiya. Ya zauna ya cinye abin da ke farantinsa tas, yana taunawa a hankali yana korawa da ruwa. Ya yi sallama da kowa ya fita.

Na bi shi da gudu ko takalmi babu, na cim masa a bakin ƙofar gida.

"Don Allah ka tsaya... masoyi, ka saurare ni."

"Kin ce kin gaya musu."

"Tsoro na ji..."

"Tsoronsu kika ji, ko kunyata?"

Na sauke ido ƙasa. Da ƙarya zan sake yi masa da amsa ta zo da wuri.

"Da Baba ne ya kore ni yau, wallahi gobe zan dawo. Jibi ma in dawo, har ya gaji da ganina." Ya juya kai gefe. "Amma ke ce. Ta wace ƙofa zan dawo?"

"Ka yafe min, Dogo!"

"Na yafe. Koma ciki, ƙasa da zafi."

Ya tafi. Ina kallon bayansa har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Manyansa ba su zo ba. Na kira har wayata ta gaji, na rubuta saƙo masu tsawo na goge, na sake rubutawa na tura. Sau uku na je shagon. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi abin da zan saya, ya naɗe min ya dubi na bayana. Gara ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Gwaggo ta ce Allah ne ya raba ni da wahala. Auta ta koma sayen hanta na sati biyu, ta gaji ta bari. Ni kuwa na rame har yaran ajina suna tambaya ko azumi nake.

Abin da ya fi ci min rai, Baba ne ya zama abokinsa. Duk Asabar sai ya ɗauki sandarsa ya tafi shagon, a ba shi kujera, su yi ta hirar shanu da sanyi har rana ta take. Bai taɓa yi min faɗa ba, bai kuma taɓa sa baki ba. Da na roƙe shi ya yi magana, cewa ya yi wannan ba ɓarnar da uba ke gyarawa ba ce.

Asabar da ta wuce, wata bakwai cif da faruwar abin, ya dawo ya zauna a falo ya daɗe bai cire hula ba. Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya ce in zauna. Ya ce gara in ji daga bakinsa, an sa wa Dogo rana da 'yar mai gidan burodin da ke jikin shagonsa. Yarinyar takan leƙo da rana ta taya shi goge kanta.

Na riƙe kofin da hannu biyu don kada ya faɗi.

"Baba... ya taɓa tambayarka ni?"

Baba ya dube ni, idonsa ya yi ja. Na san ba zai yi min ƙarya ba, a gidan nan ni kaɗai na iya.

"Yakan ce a gaida mutanen gida."