Nonon da Ɗalha Ya Sha

"Ummi, ki dube ni ki faɗa min... gaskiya ne abin da Ya Kaka ta ce?"

Mahaifiyata ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ɗura turaren wuta a kwalabe, wanda zan tafi da shi ɗakin miji. Saura kwana goma sha biyu a ɗaura aurena da Ɗalha.

Da safiyar nan kakata, Ya Kaka, ta iso daga Maiduguri don biki. Ta tambaye ni ɗan gidan waye angon. Na ce ɗan marigayiya Jummai ne ta Shahuci, wadda ta rasu wajen haihuwarsa. Tsohuwa ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ai shi ne jaririn da uwarki ta shayar tare da yayanki Hashim."

"Kwana tara ne kawai," in ji Ummi a hankali. "Lokacin muna maƙwabtaka da su. Ubansa yana Legas, kakarsa ta kawo min shi yana ta tsala kuka. Daga baya kakar ta rasu, mu kuma muka taso Ɗan Agundi. Ban gane shi ba sai ranar kawo lefe."

"Kuma kika yi shiru?"

"Me zan ce, Sa'ida? Kati ya zaga gari. Babanki zai ce na munafunce shi. Ke kuma na ga yadda kike son yaron nan... Ya Kaka za ta yi shiru idan na roƙe ta. Babu wanda ya sani."

"Allah ya sani, Ummi."

Na faɗa ne kawai, amma ni ma so nake a yi shirun. Shekara uku ina son Ɗalha. Kwana biyu ina kai-kawo, ina tsoron fushin Baba a kan Ummi, ina tsoron bakin unguwa, ina tsoron ganin fuskar Ɗalha. Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa. Duk sallar da na tayar sai in ji kunya ta kama ni, kamar na zo gaban wanda nake shirin yaudara.

Rana ta uku bayan la'asar na hau adaidaita zuwa Ƙofar Na'isa, inda yake da shagon huluna.

"Amaryata da kanta? Ai cewa aka yi kin shiga ɓuya."

"Ɗalha, zauna. Magana na zo da ita."

Na faɗa masa komai. Ya ajiye hular da ke hannunsa.

"Wataƙila kuskure ne... wataƙila wani yaron ne."

"Ummi ta tabbatar."

"Me ya sa kika faɗa min, masoyiyata? Da kin bar ni a rashin sani."

"Ni na sani. Ba zan iya zama da kai ina sane ba, kuma ban san yadda zan rayu babu kai ba. Amma Allah ya haramta."

Ya juya min baya ya share idonsa. Sannan ya rufe shagon ya ce mu je wajen Baba tare, don kar faɗan ya sauka a kan Ummi ita kaɗai.

Baba ya kira liman, aka saurari Ummi da Ya Kaka. Aka fasa auren, aka mayar da lefe. Mutane sun yi ta magana, Baba ya yi sati biyu bai ci abincin Ummi ba. Ni kuwa na rame, har ƙawayena suka daina zuwa don ba su san me za su ce min ba.

Bayan wata biyar, wata Juma'a da rana, muka ji sallamar Ɗalha. Bai tsaya a zaure ba, ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa gaban Ummi.

"Tun da nake ban taɓa kiran wata mace uwa ba," ya ce. "Idan kin yarda..."

Ummi ta dafa kansa tana kuka. Na shige ɗaki na yi nawa, na wanke fuskata, na fito da ruwa a kofi. Na miƙa masa.

"Sannu da zuwa, Yaya."