Mazaunin Tsohuwar Lasifika

Rana ta kusa faɗuwa, Auta tana shagon ubanta da ke zauren gida, tana aiki. Uban nata, Mai Rediyo, ya daina gyara tun da idonsa ya yi rauni, amma bai zubar da komai ba. Rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba, da garmaho, da lasifikoki, duk suna nan jibge cikin ƙura.

Wasu masu shirya fim ne suka ba ta aikin haɗa musu kaya. Fim ne na mutanen da ke shiga jirgi su tafi wata duniya. Ita kuwa hannun ubanta ta gado. Ta kife tukunya, ta huda ta, ta liƙa matatar shayi a wajen baki, ta zama hular ɗan sama jannati. Dutsen guga da ƙahon garmaho suka zama bindiga. Rediyoyin nan duk ta fafe su, ta kwashe maɓallansu.

"Wannan ai tukunyata ce," in ji Gwaggo, ƙanwar Mai Rediyo, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar Auta. "Sai ki ce wa mutanen saman su riƙa aiko mana da abinci. Ki bar aikin nan haka, magariba ta yi."

"Saura kaɗan, Gwaggo."

Abin da ya rage shi ne allon matuƙin jirgi. A can ƙuryar shago akwai wata babbar lasifika ta katako, tsawonta ya kai ƙugu. Tun kafin a haifi Auta ba a buɗe ta ba. Ta sa ƙarfe ta ɓamɓare bayanta. Wata iska mai ɗumi ta fito ta bugi fuskarta. Ba ta kula ba. Ta huhhuda katakon, ta jera ƙananan fitilu ja da kore, har babu sauran lungu mai duhu a ciki.

A ɗakinsa, Mai Rediyo ya idar da salla ya jawo ƙaramar rakodarsa daga ƙarƙashin matashi, kamar kullum. Kaset ɗaya ne a ciki. Wata rana da daɗewa yana gwada makirfo, muryar matarsa ta shiga. Ba wata magana ba ce mai yawa. "Ka kashe abin nan ka zo ka ci abinci, zai huce." Sai dariyarta. Abin da ya rage masa nata ke nan.

Yana cikin saurare ya ji shago ya ɗauki shuuu, irin ƙarar rediyon da bai kama tasha ba.

Ya je ya duba. Ƙwarangwal ɗin rediyoyi ne kawai, babu batir, babu waya, babu komai a cikinsu. Kuma suna ƙara. Duk rayuwarsa babu cutar rediyo da bai sani ba. Ya tsaya da sukudireba a hannu, bai san inda zai sa ta ba.

Washegari masu fim suka kwashe kayansu. Da yamma jifa ta fara. Ba duwatsu ba ne, sukurori ne da ƙananan ƙarafa, suna faɗowa daga rufin ɗaki, ƙofa a rufe. Auta ta daina cin abinci. Takan shige ƙarƙashin gado ta kwanta, fuskarta a bango. In an kunna fitila sai ta yi ta gurnani. An kai ta asibiti, aka auna, ba a ga komai ba. Aka dawo da ita, kullum tana ƙara ramewa.

Gwaggo ce ta kawo Malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar. Aka fito da Auta aka kwantar a tabarma. Ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe. Shuuu ɗin nan ya fara fitowa, sannan murya, ta tsoho, a dushe.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga yarinyar nan zama a gidan nan. Ban taɓa ko kazarku ba. Ta fasa mini ɗaki, ko sallama babu, ta cika shi da fitilu."

"Ba ta san kana ciki ba. Za a mayar maka."

Gwaggo ta kira mai fim a waya. Ya ce ai jiya aka ɗauki wurin da jirgi ya tarwatse, akwatin lasifikar ya ƙone ƙurmus.

"To, ka zaɓi wani a shago," in ji Malam.

"Duk ta fafe su. Ɗaya ya rage mai rufi. Yana ƙarƙashin matashinsa." Idon Auta ya juya kan ubanta. "Da matarsa a ciki. Ta bango nake jin ta kullum. Na saba da ita."

"Ba ka da hakki a kan wannan," in ji Malam.

"Ita ma ba ta da hakki a kan ɗakina."

"A bari mu kwafi muryar a waya tukuna," in ji Gwaggo.

"Abin da ke ɗakina ba ya fita. A ba ni kafin rana ta faɗi, ko in zauna inda nake."

Malam ya matso kusa da Mai Rediyo, ya yi ƙasa da murya. "Zan iya ci gaba da karatu har ya fita dole. Zai ɗauki kwanaki. Ka dai ga jikinta."

Mai Rediyo ya dubi wuyan hannun 'yarsa. Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya ɗan jima. Gwaggo ta kasa kunne ko za ta ji ya danna maɓalli, ba ta ji ba. Ya fito ya ajiye rakodar a gefen tabarma, ya koma ya tsuguna.

Malam ya sa aljanin ya yi alkawarin ba zai dawo ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Ƙarar shago ta ɗauke. A cikin rakodar, kaset ya juya sau ɗaya da kansa, ya tsaya.

"Gwaggo, ruwa," in ji Auta, da muryarta.

Malam ya naɗe rakodar a tsumma ya tafi da ita. Bai faɗi inda ya kai ta ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Auta ta warke. Shagon aka sa masa kwaɗo. Mai Rediyo bai taɓa ta da maganar ba. Sai dai bayan sallar magariba yakan zauna bakin gado, hannunsa ya tafi ƙarƙashin matashi, ya dawo.

Wata yamma yana zaune haka, Auta ta leƙo daga ƙofa.

"Baba, ka zo ka ci abinci, zai huce."

Ya ɗago ya dube ta. Ta tsaya tana jira. Can ya laluba takalminsa, ya tashi.