Gwiwar Hannun Yaya

"Ni dai na san ni na riga ki shiga ƙofar makaranta."

"Da ƙarfin wa? Tun daga gada kike manne a bayana kamar kaska."

"To hanyar taki ce, Yaya?"

Auta da yayarta ke nan. Ko hular kwano ba su cire ba, suka tsaya a tsakar gida suna musu, kowace riƙe da kekenta. Mama ta leƙo daga kicin. Ta ce duk wadda ta goga mata taya a jikin shanya, ita za ta sake wankin.

Su biyun suna cikin ƙungiyar tseren keke ta makarantarsu. In an tashi daga aji, malamin wasanni yakan fita da su kan sabuwar kwalta. Yara suna kiransa Malam Usur, don ko sannu zai ce maka sai ya fara busa usur.

Malam ya koya musu wata dabara. Wadda ke gaba ita ke karo da iska. Wadda ke bayanta kuwa tana cikin mafaka, ba ta shan wahala sosai. Shi ya sa ake yin karɓa-karɓa. In ta gaba ta gaji, sai ta kaɗa gwiwar hannunta. Ma'anarsa, zo ki karɓe ni.

Ranar nan Yaya ta kaɗa gwiwa, ta sake kaɗawa, har hannun ya yi tsami. Auta ta yi kamar ba ta gani ba. Sai da aka hango ƙofar makaranta, ta fito daga baya fit, ta wuce, har da ɗaga hannu.

Mama ta tambayi Auta me ya hana ta karɓar 'yar'uwarta.

"Ni na zaci sauro ne ya cije ta, Mama."

Ba ta tsaya nan ba. Auta gwana ce wajen kwaikwayo. Ta sunkuya, ta zaro harshe, ta shiga haki, tana kaɗa gwiwa kamar kazar da aka watsa wa ruwa. Sak Yaya a kan keke. Mama ta yi sauri ta koma wajen tukunyarta, don dariya na neman ƙwace mata.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta jingine kekenta a bango. Ta ce ranar Asabar akwai gasar makarantu, kuma mutum biyu kowace makaranta za ta tura. Ita an riga an zaɓe ta. Gobe za ta gaya wa Malam ya haɗa ta da wata.

Dariyar Auta ta tsaya. Tun farkon zango take mafarkin gasar nan. Amma ta ɗaga kafaɗa, ta ce ai Malam ya san wadda ta fi gudu.

Washegari Malam Usur bai yi faɗa ba. Ya busa usur, ya yi murmushi, ya ce, "Gwanar jiya, yau ke za ki ja mu."

Daɗi ya kama Auta. Ta tura kekenta gaban layi, tana tafiya irin ta Malam, ciki a gaba, hannu a ƙugu. Yara suka yi ta ƙunshe dariya.

Da farko tafiyar ta yi daɗi. Akwai shaguna da gidaje dama da hagu. Amma da suka haye gada, sai fili fetal. Nan Auta ta gamu da iska.

Ji ta yi kamar wani ya dafa mata goshi da tafin hannu yana tura ta baya. Rigarta ta kumbura kamar balan-balan. Ta danna feda, feda ta yi nauyi. Ta duba taya ko ta sace, ta ga lafiyarta ƙalau. Cinyoyinta suka ɗau zafi.

Ta kaɗa gwiwar hannu. Ba wadda ta zo.

Ta sake kaɗawa, da ƙarfi. Shiru. Ta ɗan waiga. Ga su nan a jere a bayanta, kowace tana tuƙi cikin kwanciyar hankali. Yaya ma sama take kallo.

Wata mai tabarau, wadda Yaya ta ba labarin jiya, ta ce, "Auta, sauro ne?"

Sai Malam ya busa usur daga kan babur ɗinsa. Layin ya zare ya wuce ta, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ƙoƙarin kama bayan ta ƙarshe, ƙafa ta ce ba da ita ba. Kafin ta iso makaranta, sauran sun sha ruwa har sun huta.

Malam ya miƙa mata gorar ruwa. Ya ce shi ba zai zaɓa wa Yaya abokiyar tsere ba. Wadda za ta sha iska da ita, ita za ta zaɓa.

A gida Auta ba ta kwaikwayi kowa ba. Mama ta taɓa goshinta, ta ce wannan shirun ko zazzaɓi ne. Auta ta girgiza kai. Ta ɗauko tsumma da ɗan mai, ta tsuguna gaban keken Yaya, ta fara goge sarƙa.

Yaya ta fito ta tsaya a kanta.

"Yaya, ashe haka iska take da nauyi?"

"Haka nake ɗauke miki ita kullum."

"Ki yi haƙuri. Na ga gwiwar taki sarai. Ƙarya na yi."

Yaya ta ce ta haƙura, amma sarƙa mai ƙyalli ba ta isa ba. Sai ta gani a kan hanya. Ta kuma ce ta kalli zaman Auta yau, zaman mai zuwa cefane ne, ƙirji a buɗe, kai a sama.

Yaya ta riƙe mata keken, ta sa ta hau. Ta danna mata baya ya kwanta. Ta ce ta lanƙwasa hannuwa, ta matso da su jiki, ta sauke kai amma ido na kan hanya. In iska ta yi ƙarfi, ta sa giya mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri. Auta ta ce wannan ai zaman kwaɗo ne. Yaya ta ce to ta zama kwaɗo.

Kwanakin da suka rage, Auta ta zama kwaɗo. Da Yaya ta motsa gwiwa, sai ga ta a gaba. Rannan Yaya ta ɗaga hannu za ta share gumi kawai, Auta ta wuce da gudu. Har Malam sai da ya yi dariya. Ranar Juma'a Yaya ta ce masa a bar mata ƙanwarta.

Asabar ta zo. Aka cika bakin hanya da iyaye da ɗalibai. Dokar gasar mai sauƙi ce. Makarantar da 'yarta ta fara taka farin layi, ita ta ci.

Aka tashi. Har gada ana tafe a dunƙule. Da aka fita fili, wasu dogaye biyu masu rawayar riga suka ɓalle suka yi gaba. Yaya ta bi su, Auta na bayanta.

Yaya ta ja, ta kaɗa gwiwa. Auta ta karɓa. Auta ta ja, ta kaɗa gwiwa. Yaya ta karɓa. Ba mai magana. Sai ƙarar sarƙa da numfashi. Rawayen riguna suna ƙara girma a gabansu.

Can aka hango tutar ƙarshe. Yaya ce a gaba. Auta ta ga kafaɗunta suna rangaji, alamar ta gaji. Amma ba ta kaɗa gwiwa ba. Tausayin ƙanwarta take ji.

Nan baya akwai daɗi. Wata zuciya ta ce wa Auta ta lafe, ta adana ƙarfinta, ta fita a ƙarshe a tafa mata. Amma ta san Yaya ta fi ta ƙarfin gudun ƙarshe, in dai ta samu ta ɗan huta. Sai ta sauke kai, ta fito cikin iska ba a kira ta ba.

"Shiga bayana, Yaya."

Ta taka da duk abin da ya rage mata. Iska ta dafe mata goshi, amma Auta ta ƙi ɗago kai. Idonta ya kawo ruwa. Ta taka, ta taka, har tayarta ta gaba ta jera da ta masu rawaya. Sannan ta kaɗa gwiwa.

Yaya ta fita kamar an harba ta. Mai rawaya ɗaya ta bi ta, suka tafi kafaɗa da kafaɗa. A kan layi, tayar Yaya ce ta fara leƙawa.

Auta kuwa ta iso a hankali, har wasu sun wuce ta. Ƙafafunta sun zama kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Ko sauka ba ta gama yi ba, Yaya ta rungume ta, su da keken suka zube a ciyawa suna dariya. Da aka ba Yaya kofi, ta ce ba za ta ɗaga ba sai Auta ta kama kunnen kofin ɗaya.

Malam Usur ya sa usur a baki, murna ta hana shi busawa. Ya tara yaran, ya ce, "Kun dai gani. In wani ya tare maka wahala, kai ma ka tare masa in lokacinka ya yi. Kada ka bar wa ɗan'uwanka aiki, kai ka kwashe yabo. Waɗannan biyun iskar suka raba, shi ya sa suka ci."

Kakar su Auta ta zo kallo tare da Mama, tana zaune a kan kujera ƙarƙashin lema. Ta saurari Malam da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce, "To ni Malam, tunda iskar daga gaba take zuwa, me ya hana su juya kekunan su tafi da baya?"